Jarabar Rigima: Me Ya Sa Zaman Lafiya Ke Gundurar Wasu?

Saura mako uku bikin 'yar Baffanmu a Unguwar Rogo, wajen ƙarfe sha ɗaya na dare, Gwaggo ta tura saƙon murya a zauren dangi na WhatsApp. Bai kai minti ɗaya ba. Ta yi sallama, ta yi wa amarya addu'a, sannan ta ce ita dai ta ga an fitar da anko, Allah ya sanya alheri, da ma akwai waɗanda ba a tunawa da su sai ranar wanke-wanke. Ba ta kama sunan kowa ba. Kafin a kira sallar asuba saƙonni sun haura ɗari biyu, mutum uku sun fice daga zauren, an tono maganar gadon gidan Gangare da aka raba tun ina sakandare, an kuma ɗauki hoton abin da wata ta rubuta an tura wa surukarta a Bukuru.

Da gari ya waye ƙanwata ta kira ni. "Yaya, ka ga abin da ake yi kuwa? Wallahi in ba ka sa baki ba bikin nan ba zai yiwu ba."

Na sa baki. Kwana biyu ina cikin keke, daga Unguwar Rogo zuwa Gangare, daga Gangare zuwa Rikkos, ina ba wannan haƙuri ina lallashin waccan. Aka yi sulhu, aka sha biki, aka kai amarya. Sai dangi suka yi tsit. A mako na biyu da wannan tsit ɗin ne mai ɗakina ta lura ina ɗaga waya ina ajiyewa kamar mai jiran alat ɗin albashi. Ta ce, "Malam, in faɗi wata magana ba za ka ji haushi ba? Kai ma fa kana jin daɗin abin nan." Na ji haushi ƙwarai. Amma na kwana da maganar na tashi da ita, domin na san abin da nakan ji a ƙirjina in na buɗe zauren na tarar babu komai sai addu'ar safe da hoton fure. Wani abu ne mai kama da takaici.

Idan ana zancen mai son rigima, hankalinmu kan tafi kan mutum ɗaya a unguwa ko a dangi, wanda kowa ya san bakinsa. Mu sauran sai mu ɗauki kanmu bayin Allah da fitina ke biyowa har gida. Abin da na fahimta tun daga wannan dare shi ne rigima sana'a ce mai biyan lada, kuma tana biyan kusan duk wanda ya taɓa ta: mai tayar da ita, mai kai-kawo, mai sulhu, har da ɗan kallo, tunda an riga an ce faɗan da babu ruwanka daɗin kallo gare shi. Shi ya sa "ki yi haƙuri" da "ka daina biye musu" ke shiga ta kunnen dama su fita ta hagu. Ana ce wa mutum ya bar sana'ar da ke ciyar da shi, ba a nuna masa wata ba.

Ladan farko a jiki ake karɓarsa. Da zarar an taɓa ka, ko ka ji an taɓa naka, wasu 'yan halittu biyu da ke zaune kamar hula a saman ƙoda sukan zubo sinadarin adirenalin cikin jini, kotizol ya biyo baya. Zuciya ta ƙara gudu, sukari ya ƙaru a jini, ido ya buɗe, gajiya ta kama gabanta. Wani masanin aikin jiki a Jami'ar Harvard, Walter Cannon, ya bayyana wannan shiri tun 1915: jiki ne ke ɗaura ɗamarar faɗa ko gudu. Don ranar gamo da kura aka yi shi, sai dai jiki bai san bambancin kura da habaicin facala ba. To ka ɗauki mutumin da ya wuni a shago a Terminus yana korar ƙuda, ko matar da ta wuni tsakanin murhu da igiyar shanya, babu wanda ya tambayi ra'ayinta a kan komai. Sai ga saƙo ya shigo: "Kin ji abin da ta ce a kanki?" Nan take jini ya motsa. Abin ba daɗi, amma ta farka.

A nan mutane kan ce ai babu mai jin daɗin tashin hankali. Gaskiya ne, sai dai a ƙwaƙwalwa kwaɗayi daban, jin daɗi daban, kowanne da hanyarsa. Kent Berridge da Terry Robinson na Jami'ar Michigan sun shafe shekaru suna nuna cewa sinadarin dofamin ya fi alaƙa da kwaɗayin abu da bin sa, fiye da daɗin da ake ji in an same shi. Mashayin taba ya san wannan ba tare da ya shiga aji ba, yana tsine wa karan sigari yana ƙyasta masa ashana. Haka mai cewa "wallahi na gaji da fitinar gidan nan". Da gaske take, ta gaji, kuma yatsanta na kan waya tana duba ko an mayar da martani.

Abin da ke ƙara wa kwaɗayin ƙarfi shi ne rashin tabbas. A shekarun 1990 Wolfram Schultz ya auna ƙwayoyin dofamin a ƙwaƙwalwar birai, ya ga sun fi zabura idan ɗigon ruwan 'ya'yan itace ya zo ba zato. In biri ya riga ya san lokacin zuwansa, zaburar takan koma kan alamar da ke gabatarsa. Tun kafin shi B. F. Skinner ya lura cewa tantabarar da ake ba hatsi jefi-jefi, ba ta san saran da zai kawo ƙwaya ba, ta fi naci wajen sara, kuma ta fi daɗewa ba ta haƙura ba in an yanke hatsin gaba ɗaya. Da wannan dabara shagunan cacar ƙwallo ke riƙe da samarinmu. Mutum mai rigima ma haka yake riƙe na kusa da shi: yau zuma, gobe maɗaci, jibi sai Allah.

Babu inda wannan ya fito fili a rayuwarmu kamar yaji da biko. Ga miji da ba ya cewa sannu da aiki, ba ya zaman hira, in ya dawo sai rediyo ko majalisa. Shekara guda matar ba ta ji kalma mai daɗi ba. Ranar da ta kwashi kayanta ta tafi gidan iyayenta a Nasarawa, ranar yake zama wani mutum. Ga kiran waya sau goma, ga abokai an turo, ga shi da kansa durƙushe gaban surukai yana "Baba, a yi mini afuwa", ga turmin atamfa, ga kaza. Makon da ta dawo sai ka ce sabuwar amarya. Bayan wata guda ya koma gidan jiya. Me ya koya mata? Ya koya mata cewa ƙofarsa sai an banka take buɗuwa. Ba zama za ta yi ta tsara faɗa na gaba ba. Jikinta ne ya haddace inda ake haƙa a sami ruwa. In ka tambaye su, su biyun za su rantse zaman lafiya suke so, kuma babu maƙaryaci a cikinsu.

Yaro ma haka. Yana wasa shiru babu mai kallonsa, ya fasa filas kowa ya taso. Tsawa ma kulawa ce ga wanda ba ya samun wata. Da na zauna na yi wa Gwaggo lissafi, sai na ga tun rasuwar mijinta, 'ya'yanta mata suna ɗakunansu, namijin yana Abuja, wayarta ba ta ƙara sai an yi mutuwa ko an yi rikici. A kwana biyun nan na anko kuwa, Baffa da kansa ya tako har ɗakinta, mutumin da rabonsa da gidan tun ƙaramar salla. Wa zai ce saƙon nan bai biya ba?

A 1968 wani likitan ƙwaƙwalwa Ba'amurke, Stephen Karpman, ya zana yadda rigima ke tafiya a siffa mai kusurwa uku, ya ɗauko misalansa daga tatsuniyoyin Turawa. Ni na fi ganin abin kamar murhu. Dutse na farko wanda aka zalunta: "ni kullum ni ake yi wa". Na biyu mai jifa: "duk laifinku ne". Na uku mai ceto: "ku bar ni da su". Tukunya ba ta zama sai duka ukun sun hallara. Inda Karpman ya yi basira shi ne lura da cewa mutane ba sa zama a dutse ɗaya. Gwaggo ta fara a matsayin wadda aka ware. Da ta ambaci wanke-wanke ta zama mai jifa, matar Baffa ta zama abar tausayi. Na shigo ceto, kafin la'asar an ce na goyi bayan ɓangare guda, na dawo gida ina cewa ni da na je gyara ni ne kuma mai laifi. Wuni ɗaya na zauna a kan duwatsu biyu, da an ƙara mini awa guda da na hau na ukun.

Kowane dutse da ladansa. Wanda aka zalunta an sauke masa nauyin gyara, babu mai tambayarsa nasa laifin. Mai jifa yana jin ƙarfi, yana jin shi ne a kan gaskiya. Amma mai ceto ya fi su wuyar warkewa, domin shi kaɗai ake bi da addu'a. "Allah ya yi maka albarka, in ba don kai ba da gidan nan ya watse." Wa zai ji wannan ya so ya daina? Sulhu tsakanin mutane aikin alheri ne, Alƙur'ani ya yabe shi, ban ce a bari ba. Abin dubawa shi ne ko sulhun naka yana sa mutanen su iya magana da juna gobe ba tare da kai ba, ko kuwa yana sa dole sai an nemo ka. Nawa irin na biyun ne. Shekara da shekaru ina kashe gobara a dangi, ban taɓa barin mutum biyu sun zauna su kaɗai sun ƙarasa maganarsu ba.

Al'adarmu ma tana miƙo itace, ko da yake ba da mugun nufi ba. An rene mu da kunya da kawaici: ƙarami ba ya duban babba ya ce ka ɓata mini, matar ɗa ba ta fuskantar uwar miji. Wannan ya hana ɓarna mai yawa. Amma maganar da aka hana ta ƙofa takan fita ta taga. Da can a bakin turmi ake sakinta, cikin waƙar daka ko ta niƙa, kishiya na ji daga ɗakinta, ko a rubuta ta a bayan mota. Yanzu sitatus ne: a ɗora karin magana ko ayar munafukai, a koma gefe ana duba wa ya gani. Habaici na da wata riba da magana kai-tsaye ba ta da ita, wato ana iya musanta shi. "Ni na kama suna?" Mai jifa ya jefa ya kuma tsira, wanda aka jefa ba shi da hanyar amsawa sai wani habaicin ko bakin mutum na uku. Murray Bowen, wanda ya yi suna a nazarin zaman iyali, ya lura cewa in zaman mutum biyu ya yi tsami sukan jawo na uku don su rage zafi. Zafin kan ɗan ragu, asalin maganar kuwa tana nan ba a taɓa ta ba, sai ma ta sami sabon gida.

Akwai wani ladan da ba a cika faɗa ba: rigima tana hana mutum zama da kansa. A 2014 Timothy Wilson na Jami'ar Virginia da abokan aikinsa suka wallafa wani gwaji. A bar mutum shi kaɗai a ɗaki minti 15, ba waya ba littafi, daga shi sai tunaninsa da wani maɓalli da in ya danna lantarki zai ɗan ja shi. An riga an ɗanɗana musu jan, sun kuma ce za su biya kuɗi don kada a sake. Duk da haka maza 12 cikin 18 da mata 6 cikin 24 suka danna da hannunsu. Minti 15 kacal. To ina ga wanda in ya yi shiru abin da ke jiransa shi ne kuɗin haya, da takardar digiri da ta shekara biyar a ƙasan akwati, da auren da ya zama sai suna? Faɗa da maƙwabci a kan kwata ya fi sauƙin ɗauka. Yana da mafari, yana da abokin gaba mai fuska, ana iya cin galaba kafin magariba. Haushin kaza ne ake hucewa a kan dami.

Sai kuma wanda shiru ke ba tsoro. Yaron da ya tashi a gidan da ake kwana da ihu yakan koyi karatun fuska tun kafin karatun allo. Daga yadda Baba ya turo ƙofa ya san ko yau akwai duka. A wurinsa shiru hadari ne ke haɗuwa. In ya girma ya auri mai sanyin hali sai ya kasa sakin jiki, ya yi ta jan magana har sai an tanka, sannan hankalinsa ya kwanta. Sabo turken wawa. Binciken Vincent Felitti da Robert Anda a Amurka, wanda aka fara wallafa sakamakonsa a 1998, gaba ɗayansa ya shafi manya sama da 17,000. Kusan kashi biyu cikin uku sun taso da aƙalla nau'i ɗaya na wahalar ƙuruciya, kamar duka, ko ganin ana dukan uwa, ko zama da mashayi, kuma yawan wahalar na tafiya kafaɗa da kafaɗa da yawan matsalar lafiya da ta ɗabi'a bayan an girma.

Mu mutanen Jos muna da ƙarin namu a kan wannan. Wanda aka haifa a makon rikicin 7 ga Satumba 2001 yau ya isa aure. Yana ɗan shekara bakwai aka yi na Nuwamba 2008, bai cika tara ba aka yi na Janairu 2010. Ya girma da dokar hana fita, da shingen sojoji, da sanin unguwar da ba a bari dare ya same ka a ciki. Kowa a garin nan ya taɓa ganin gudun da ba a san mafarinsa ba: wani ya ruga a Terminus, kafin minti biyar an ja ƙofofin shaguna har Bauchi Road, iyaye na kiran makaranta, daga baya a ji ashe ɓarawon waya aka biyo. Kada wani ya ce wauta ce, wannan saurin ya ceci rayuka. Amma wanda aka horar ya kwana da takalmi ba ya tuɓewa don kawai ya shigo ɗaki. A ganina, da yawa daga cikin saurin hawanmu a kan ƙaramar magana, a gida da kasuwa da layin mai, daga nan ya samo tushe.

Waya ta zo ta tarar da mu a haka, ta mai da abin kasuwa. Takardun cikin gida na Facebook da tsohuwar ma'aikaciyar kamfanin, Frances Haugen, ta fitar a 2021 sun nuna cewa daga 2017 kamfanin ya riƙa ba alamomin motsin rai, har da jar fuskar nan ta fushi, maki biyar a inda alamar babban yatsa ke da ɗaya, wajen zaɓen abin da za a turo gaban mutane, kafin daga baya ya rage. William Brady da abokansa kuma a 2017 suka duba saƙonnin Twitter sama da 560,000, suka ga kowace kalma mai zafi ta yabo ko tsinuwa a kan ɗabi'a tana ƙara wa saƙo yaɗuwa da kusan kashi 20 cikin 100. Mai sanyin baki ba shi da kasuwa ke nan, shi ya sa raddi da tonon silili ba sa yankewa. A Filato mun san inda wannan kan kai. Binciken BBC na 2018 a kan rikicin watan Yunin shekarar ya gano wani bidiyo da aka yaɗa a matsayin kisan da aka yi a jihar, ashe a Kongo-Brazzaville aka ɗauke shi tun 2012. Yatsan da ke tura irin wannan bidiyo ba tambaya, shi ne dai yatsan da ke tura hoton hirar facala ga uwar miji. Aya ta 6 ta Suratul Hujurat ta ce a bincika labari kafin a afka wa mutane cikin rashin sani, kuma ba ta ware labarin cikin gida ba.

To ina mafita? Da tambaya marar daɗi ake farawa. Ka tuno rigingimu uku na ƙarshe da ka shiga, ka ajiye maganar wa ke da gaskiya a gefe, ka tambayi kanka me ka samu. An kira ka? An saurare ka? An manta da bashin da ake bin ka? Ka duba kuma lokacin tashinsu. Na wasu sai ƙarshen wata in aljihu ya bushe, na wasu sai an ga wani na shirin biki, na wasu sai dare ya yi. In ka ga suna da lokacinsu kamar damina, to ba mutane ne kaɗai ke kawo maka su ba.

Sannan a ba jiki lokaci, domin ba ya sauka da umarni. John Gottman, wanda ya daɗe yana auna ma'aurata suna gardama a Jami'ar Washington, ya ga in bugun zuciya ya haura wajen 100 a minti mutum ba ya iya sauraro yadda ya kamata, kuma yana buƙatar aƙalla minti 20 kafin ya dawo daidai, da sharaɗin kada ya ƙarar da mintunan yana saƙa martani a zuci. A hadisin Abu Zarri da Abu Dawuda ya ruwaito, an umarci wanda ya yi fushi yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kishingiɗa. Duka biyun jiki suka fara kamawa kafin harshe. Ni dokar da na sa wa kaina ita ce saƙon da ya shigo bayan isha'i, amsarsa sai bayan karin kumallo. Mafi yawansu kafin a sauke shayi sun mutu da kansu.

Akwai shawarar da ta yaɗu cewa a amayar da abin da ke ciki kada ya zama ciwo. Brad Bushman ya gwada ta a 2002: aka fusata ɗalibai, aka sa wasu su naushi buhun dambe suna tuna wanda ya ɓata musu, wasu kuma su zauna shiru minti biyu. Masu naushin suka fito sun fi fushi. Kiran ƙawaye biyar a jere ana maimaita labari ɗaya, kowacce na cewa "Lallai! Ke kuwa kika ƙyale ta?", shi ma naushin buhu ne. Abin da ke sanyayawa shi ne kiran abin da sunansa na gaskiya. Matthew Lieberman a Jami'ar Kalifoniya ta Los Angeles ya nuna a 2007 cewa sanya wa motsin rai suna yana rage zaburar sashen ƙwaƙwalwa mai tsaron barazana. Kuma sau da yawa sunan na gaskiya ba fushi ba ne. Da Gwaggo ta iya cewa "na ji ciwo da ba a tambaye ni ba, gani nake an manta da ni", da Baffa ya ba ta haƙuri cikin minti goma, babu mai tuna gidan Gangare. Sai dai wannan magana ta fi habaici tsada, domin mai faɗinta ya buɗe cikinsa, ba shi da sauran mafakar "ni na kama suna?"

Ga mai ceto da ɗan kallo aikin shi ne janye dutse ɗaya. In an kawo maka maganar wata, tambaya guda ta isa: "Kin faɗa mata?" In an ce a'a, sai ka ce, "To bari in kira ta ku yi magana, ni zan ba ku wuri." Mai neman gyara za ta yarda ko da da nauyin jiki. Mai neman ɗan kallo za ta ce a bar maganar kawai, ba kuma za ta sake kawo maka ba. Hadisi ya ce yana daga kyawun Musuluncin mutum ya bar abin da ba ruwansa. Maƙwabtanmu Kirista kuma suna karantawa a littafin Karin Magana, sura 26, cewa in babu itace wuta takan mutu, in babu mai gulma faɗa yakan kwanta, kuma mai shiga faɗan da ba nasa ba kamar mai kama kare a kunne ne.

Amma a shirya, abin zai ƙaru kafin ya ragu. In janareta ya ƙi tashi ba a haƙura a ja na farko. A ja da ƙarfi, a sake ja, a zage shi, sannan a bari. Wanda ya saba samun martaninka haka zai yi maka: saƙo ya ƙara zafi, a ce ka yi girman kai, a ce matarka ta mallake ka, a ce tunda ka sami wuri ka manta dangi. In ka amsa a ja na goma, ka koya masa cewa sau goma ake ja.

Janyewa kaɗai kuma mugunta ce in aka tsaya a nan. Mutumin da rigima ce kaɗai hanyarsa ta samun kulawa, in ka toshe ta ba ka buɗe wata ba, da yunwa ka bar shi. Kazar biko a kawo ta ranar Talatar da ba a yi komai ba. Yaro a kula shi lokacin da yake wasansa shiru. Kai ma da ka daina, makonnin farko za ka ji rayuwa salam kamar miya ba gishiri, a nan ne wasu ke komawa. Jikin da ya saba zabura yana neman abin zaburar da shi, kuma akwai na halal: ƙwallon yamma, hawan duwatsun Shere, lambun rani, hadda, ko ma tunkarar ainihin abin da ake gudu, a je wurin mai gidan haya a yi magana ido da ido.

Dole in yi togaciya, domin "mai son rigima" suna ne da ake toshe bakin mai gaskiya da shi. Matar da ake duka ta yi ihu ba dirama take yi ba. Haka marayan da ya tambayi gadonsa, da lebura da ya tambayi kuɗin aikinsa na wata uku. Ma'aunin da nake amfani da shi shi ne mai ƙorafin gaskiya yana da abin da yake nema, in an ba shi ya yi shiru. Mai jarabar rigima kuwa ba a rabu da Bukar ba an haifi Habu. Akwai kuma inda abin ya wuce hali ya zama ciwo. Wanda ke kwanaki ba barci yana faɗa da kowa yana watsa kuɗi, sannan ya kwanta makonni ko magana ba ya so, ko mai ambaton kashe kansa duk sanda aka saɓa, kada a ce neman suna yake, a kai shi ga likita. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos na da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma dokar da aka sa wa hannu a Janairu 2023 ta maye gurbin tsohuwar nan ta 1958 da ta fi damuwa da tsare marar lafiya fiye da yi masa magani. Addu'a da ganin likita ba sa karo.

Wata huɗu bayan bikin aka yi haihuwa a gidan ƙanena, aka fara wata sabuwa a kan wa za a yi wa takwara. Ƙanwata ta kira. Na ce, "Ki kira Yaya Babba ki faɗa mata abin da kika faɗa mini." Ta yi shiru, ta ce, "Yaya, lafiya kake kuwa?" Na kashe waya na sa a aljihun rigar da ke rataye, na fita tsakar gida na zauna cikin sanyi, hannuna na ƙaiƙayi. Sau biyu na tashi na nufi ɗakin. Rigimar ta yi kwana huɗu maimakon biyu, an kuma ce na canza. Ranar bakwai aka raɗa suna kamar yadda ake yi.

Wata Laraba, ba biki ba mutuwa, na sayi dankali da kayan miya a Farin Gada na hau keke zuwa Rikkos. Gwaggo ta amsa sallama tana leƙen bayana ko da wani. "Lafiya dai, ɗan nan? Wa ya rasu?" Na ce babu, gaisuwa na zo. Ba ta yarda ba sai da ta ga na sha ruwa na miƙe ƙafa. Muka yi hirar tsadar gawayi, da yadda garin nan yake kafin babbar kasuwa ta ƙone a 2002. Ashe ta taɓa riƙe rumfar kayan yara a ciki, ban sani ba. Da na tashi tafiya ta rako ni zaure, ta rage murya ta ce, "Ni kuwa ka ji abin da matar Baffanka ta ce ranar suna?"

Na ce, "Ban ji ba, Gwaggo. Yaya gwiwar taku, har yanzu tana tashinku da dare?"

Ta dube ni na ɗan lokaci. Sannan ta jingina da bango ta fara ba ni labarin gwiwar.